Silvo Debeljak da Barewa Mai Roɗi-roɗi

A ƙauyenmu na Mala Reber, can gindin dutse inda dajin smreka, dogayen itatuwan nan masu ganye kamar allura, ya fara, an yi wani maharbi ana ce masa Silvo Debeljak. Idan maganar harbi ake yi, ba mai ja da shi. Hannunsa ba ya rawa, idonsa ba ya kuskure, kuma ya san duk hanyar da barewa ke bi tun daga bakin rafi har kan tudu. Sai dai yana da wata cuta da ba asibitin da ke maganinta: ba ya iya jin an yabi wani. Ko miyar matar maƙwabci aka ce ta yi daɗi, sai ka ga ya haɗe rai kamar an zage shi. A ganinsa duk yabon da ke yawo a ƙauyen nasa ne, wanda ya samu kuwa sace masa ya yi.

Mahaifinsa, marigayi Ignac, ya shekara ashirin da biyu yana shugabancin ƙungiyar maharban ƙauyen. Ranar da aka binne shi, maharba arba'in suka jeru cikin korayen riguna, aka busa ƙahon tagulla, kowa ya cire ɗan reshen da ke jikin hularsa ya jefa cikin kabarin. Silvo yana saurayi a lokacin, kuma abin ya zauna masa a rai. Tun daga ranar ya ci alwashin sai ya hau kujerar mahaifinsa, kuma shi ma haka za a binne shi. Kujerar dai ta koma hannun tsoho Metod Bartol, Silvo ya yi ta jira yana ƙirga furfurar mutumin. Shekarar da wannan abu ya faru, Metod ya ce gwiwoyinsa sun gaji da hawan dutse, zai sauka da zarar lokacin barbarar barewa ya wuce. Sunaye biyu ne a bakin mutane: Silvo, da Albin Levstek, wan matarsa Pavla.

Albin ba gwanin harbi ba ne, kowa ya sani, shi ma ya sani. Mutum ne mai nauyin jiki da nauyin baki. Amma shi ke yanka ciyawa ya busar don ciyar da barewa lokacin dusar ƙanƙara, shi ke ɗaukar gishirin lasa a baya ya kai cikin daji, kuma shi ke da Bistra, karyar da ke bin sawun jini. Dokar ƙungiya ce, duk wanda ya harbi dabba ta gudu da rauni, dole ya bar komai ya je ya kira Albin da karyarsa, don kada dabbar ta daɗe tana shan wuya. Silvo kuwa yakan bugi ƙirji a mashaya ya ce shekara talatin yana riƙe da bindiga bai taɓa ƙwanƙwasa ƙofar Albin ba.

"Ni ba na barin aiki rabi a kira kare ya ƙarasa mini," in ji shi. "Wanda hannunsa ke rawa shi ke da abokin aiki mai wutsiya."

Akwai wani abu kuma da yake taƙama da shi. Idan maharbi ya kayar da dabba, yakan karyo ɗan reshe ya sa mata a baki, lomar ƙarshe ke nan, sannan ya cire hula ya tsaya shiru na ɗan lokaci. In zai koma gida kuma, sai ya soke wani reshen a hularsa, alamar ya samu. Kowa reshen smreka yake karyowa, tunda ga shi nan ko'ina. Ban da gidan Debeljak. Su reshen brin suke sawa, ƙaramin itacen nan mai ƙaya da baƙaƙen 'ya'ya, kuma daga wanda ke bayan gidansu, wanda kakansu ya dasa. Silvo ba ya fita daji sai da ɗan reshen a aljihun rigarsa. Yakan ce dabbar da ta faɗi a hannun Debeljak ba ta cin abincin kowa da kowa. Ba maharbin da bai ji wannan maganar ba, wasu sun ji ta har sun gaji.

To, a bazarar shekarar sai wani namijin barewa ya fara fitowa makiyayar Albin da sassafe. Ba a taɓa ganin irinsa a dajinmu ba. Wuyansa da kafaɗarsa ta hagu farare ne fat, cikinsa da cinyoyinsa kuma roɗi-roɗi, fari da ja kamar an watsa masa madara. Ƙahonsa rassa goma sha biyu. Matan ƙauye suka sa masa suna Lisko, irin sunan da ake sa wa ɗan maraƙi mai roɗi-roɗi. Mutane suka riƙa tashi da wuri suna laɓewa bayan rumfar shanya ciyawa ta Albin don su gan shi. Har fada, limamin cocinmu, ya zo da madubin hangen nesa. Ba a daɗe ba aka fara cewa "barewar Albin", kuma duk lokacin da wannan magana ta shiga kunnen Silvo sai ya ji abinci ya fita ransa.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci, maharba suka taru a gidansu na katako da ke bakin daji. Metod ya buga tebur da tafin hannu.

"Maganar Lisko ce," ya ce. "Dokar ƙasa ba ta hana harbinsa ba, kun sani. Amma ni ina so mu hana kanmu. Mu bar shi ya tsufa a dajin nan. Wanda ya yarda ya ɗaga hannu."

Silvo ya yi tsaki. "Baffa Metod, yaushe muka koma makiyayan shanu? Wannan dabbar gurɓatacciya ce. In ya yi barbara, nan da shekara biyar daji zai cika da barewa masu kama da akuyoyin kasuwa. A kayar da shi kawai."

"Kakata takan ce wanda ya kashe farar dabba ba ya ganin shekara ta zagayo," wani ya faɗa daga baya.

"Kakarka ta kuma ce maka duniya a kan bayan kifi take," in ji Silvo. Wasu suka yi dariya. Ya juya ya dubi Albin. "Ko dai suruki ne ke tsoron a raba shi da ɗan maraƙinsa? Ka ɗaura masa ƙararrawa mana, ka riƙa tatsarsa da safe."

Albin ya juyo a hankali ya dube shi. Can ya ce, "Namiji ne, Silvo. In ka iya tatsarsa, na bar maka madarar."

Ɗakin ya ɗauki dariya, har Metod sai da ya goge ido. Silvo bai yi dariya ba. Hannaye suka tashi ɗaya bayan ɗaya, nasa kaɗai ya rage. Metod ya zuba masa ido, har Silvo ya ɗaga hannun da ƙyar, iyakarsa kafaɗa. Ya fita daga taron yana jin dariyar nan a bayan wuyansa, kuma tun kafin ya isa gida ya gama yanke abin da zai yi. Idan Lisko ya ɓace daga makiyayar Albin, me kuma za a yabi Albin da shi? In ma aka ɗan juya maganar da kyau, ai a kan Albin zargin zai faɗa, tunda shi ne mafi kusa. Daga nan kujera ta zama ta Silvo.

Ya jira har kaka ta shigo, mazan barewa suka fara ruri a kan tudu. Lokacin ne ake ba maharba izinin fita, don haka ƙarar bindiga ba ta ba kowa mamaki. Wata Alhamis, gari ya fara wayewa, ya zagaya ta bayan dutse ya kwanta cikin duwatsun da ke saman makiyayar Albin. Bai hau rumfar da maharba ke dakon dabba a kai ba, don kada a gan shi. Hazo ya kwanta a kan ciyawa. Can sai ga Lisko ya fito daga cikin itatuwa, farin wuyansa yana haske.

Da a ce wata dabba ce, da Silvo ya jira ta juya gefe ta tsaya cak, kamar yadda ya yi sau ɗaruruwa. Amma sai ya ji ƙarar bokiti daga garken Albin, ya san mutumin ya tashi tatsar shanu. Mutumin da hannunsa bai taɓa rawa ba ya yi gaggawa, ya danna kunama Lisko yana cikin tafiya. Dabbar ta gantsare, ta dunƙule bayanta, ta shige daji da gudu. Silvo bai buƙaci kowa ya gaya masa ba. A ciki harsashin ya shiga.

Ya sauka ya duba wurin. Ga farin gashi a kan ciyawa, ga jini mai duhu gauraye da abin da dabbar ta ci. Daga inda yake tsaye yana hango hayaƙin gidan Albin, tafiyar da ba ta kai ta shan taba ɗaya ba. Ya san Bistra za ta kai su wurin dabbar kafin rana ta ɗaga. Ya kuma san abin da zai biyo baya: zai tsaya a ƙofar Albin da hula a hannu, ya ce na karya alkawari, kuma na kuskure. Sai ya tsince kwanson harsashinsa, ya tattake jinin da takalmi, ya shiga daji shi kaɗai.

Ya wuni yana yawo bai ga komai ba. Da yamma ya dawo gida wandonsa duk laka. Pavla ta ajiye masa miyar kabeji da wake, ta tsaya tana kallon hularsa da ya rataye.

"Na ji harbi ɗaya da safe ta wajen gidan yaya," ta ce. "Ka dawo ba reshe a hula, ba nama a mota."

"Ba ni ba ne."

"Ka goge bindiga tun kafin ka cire takalmi, Silvo. Shekara ashirin da shida ina kallonka."

"To ki ci gaba da kallo, ki rufe mini baki."

"In ka raunata wani abu, ka je ka kira yaya. Ko ni in je."

Ya buga cokali a kan tebur har miya ta fallatsa. "Ƙafarki ta taka gidansa, to ki zauna can gaba ɗaya. Ki tafi da kayanki, ki taya shi wanke kare."

Pavla ta ɗauke kwanon ta ba shi baya. Ba ta je ba, kuma daga baya ta ce wannan shirun da ta yi shi ne abin da ta fi jin kunyarsa a rayuwarta.

Ranar Juma'a aka wuni ana ruwa. Silvo ya ji daɗi, don ruwa yana wanke sawu, amma shi ma bai ga dabbar ba. Sai ranar Asabar da hantsi ya hangi hankaki suna shawagi a saman wani kwari mai zurfi, inda rana ba ta cika shiga ba. Ya gangara yana riƙe saiwoyi. A can ƙasa ya tarar da Lisko kwance cikin laka a bakin wani ɗan ruwa, da ransa. Cikinsa ya kumbura, ƙudaje sun rufe raunin, farin gashin nan da mutane ke tashi da asuba don gani ya koma launin toka. Ya ɗaga kai ya dubi Silvo, ya yi ƙoƙarin tashi, ƙafafun baya suka ƙi.

Silvo bai yi harbi ba, don kada a ji. Da wuƙa ya ƙarasa shi. Ya tsaya yana haki yana kallon ƙahon nan mai rassa goma sha biyu, sai a lokacin ya gane wautarsa: ba bangon da zai iya rataye shi, ba mutumin da zai iya nuna wa. Hankalinsa yana can yana lissafin yadda zai ɓoye gawar, hannunsa kuwa ya yi abin da ya saba yi shekara talatin. Ya shiga aljihu, ya fito da ɗan reshen, ya buɗe bakin dabbar ya sa. Ya cire hula ya tsaya shiru. Sannan ya saro rassan smreka ya lulluɓe gawar tun daga kai har ƙafa. Ya goge wuƙa, ya share sawun takalminsa da ganye, ya duba ko ya yar da wani abu. Ya hau tudu yana yaba wa kansa cewa bai bar ko alama ɗaya ba.

Ranar Lahadi gidan maharba ya cika, don labari ya bazu cewa kwana uku ba a ga Lisko ba. Metod bai zauna ba.

"Ranar Alhamis da safe an yi harbi ɗaya a saman makiyayar Albin," ya ce. "Ba wanda ya zo ya faɗa mini, ba wanda ya kawo dabba, ba wanda ya nemi kare. Wane ne?"



"Na ɗauka ɗayanmu ne da izininsa," in ji Albin. "Na ɗaure Bistra a ƙofa ina jira a kira ni. Ba wanda ya zo."

Silvo ya gyara zama ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. "Abin mamaki. An yi harbi a bayan garkenka, kai ka ji, kai kaɗai ka san lokacin da dabbar ke fitowa, kuma ka zauna kana jira. Baffa Metod, ni ba na zargin kowa. Amma na ji an ce akwai masu zuwa daga birni suna neman fata irin wannan, kuma rufin garken wani ya daɗe yana yoyo."

Albin ya miƙe tsaye, kujerarsa ta faɗi. Ba a taɓa ganinsa haka ba. "Maimaita abin da ka ce."

"Ka ji ni. Ko kunnen ma sai an kira kare ya taya ka?"

"Ƙanwata ce kawai ta tsaya tsakanina da kai, Silvo. Ba don ita ba, da yau ka tattara haƙoranka a cikin hular nan taka."

Mutum biyu suka riƙe Albin. Wasu suka fara kallonsa ta gefen ido, don magana irin wannan ko ƙarya ce tana barin tabo. Silvo ya ga haka, ransa ya yi fari. Metod ya sake buga tebur.

"Ya isa. Ba wanda zai tafi gida cin abinci. Albin, ɗauko karyarka. Dukanmu za mu bi ta, kafaɗa da kafaɗa, har mu ga abin da ya faru."

Silvo ya bi su hankali kwance, yana dogara da ruwan Juma'a. Bistra ta daɗe tana zagaya saman makiyayar, har ya fara murmushi. Sai ta tsaya ta cusa hanci ƙarƙashin wani dutse, inda ruwa bai kai ba. Albin ya durƙusa ya ɗago farin gashi 'yan ƙwarori. Daga nan ta ja igiya ta shiga daji. Ta bi ta wurare uku da dabbar ta kwanta ta tashi, kowanne da jini busasshe a ƙarƙashin ganye. A kowane wuri Albin yakan tsaya ya nuna wa Metod. Kafin rana ta karkata suna tsaye a cikin kwarin, mutum ashirin da wani abu, warin ya sa wasu sun toshe hanci da hula.

Aka janye rassan. Wani ya yi ashar a hankali. Albin ya duba raunin ciki, ya duba yankan wuƙa a wuya wanda bai gama bushewa ba.

"Kwana biyu da rabi," ya ce. "Kwana biyu da rabi yana jan cikinsa a dajin nan, ni ina zaune da kare a ƙofa."

"Aikin ɓarayin daji ne," in ji Silvo da sauri. "Ko wanda ya kawo su. Na faɗa muku."

Metod bai kula shi ba. Ya durƙusa da ƙyar a kan tsofaffin gwiwoyinsa, ya ɗaga kan dabbar. Ya daɗe yana kallon bakin.

"Ɓarawon daji ba ya ba dabba lomar ƙarshe," ya ce. "Ba ya ma sanin ana yi. Wanda ya yi wannan namu ne, an koya masa, kuma an koya masa da kyau."

Ya sa yatsu biyu ya zaro reshen, ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Ƙananan ƙayoyi, da baƙaƙen 'ya'ya uku a jiki. Maharba suka duba kwarin. Smreka ce ta kewaye su ta ko'ina, brin kuwa ba ya fitowa a inuwa irin wannan, sai an yi tafiyar awa guda kafin a ga ɗaya. Ba wanda ya ambaci suna. Kawai dai kawuna suka juya ɗaya bayan ɗaya, har suka tsaya a wuri guda.

Hannun Silvo ya tafi aljihu da kansa, kowa kuma ya ga ya tafi.

"Wani ne ya sa don ya ɓata mini suna," ya ce. "Kowa ya san itacen yana bayan gidana. Shi wannan ba ya shiga gidana ne?"

"Shekara huɗu rabona da gidanka," in ji Albin. "Kai ka hana ni."

"Silvo," Metod ya ce, yana miƙewa da taimakon sanda. "Ni na riƙe wa mahaifinka bindiga ranar da ya koya maka sa wannan reshen. Da ka harbe shi ka zo ka ce na yi, da mun ci ka tara, mun yi fushi, ya wuce. Da ka kuskure ka ƙwanƙwasa ƙofar surukinka, da mun ce mutum ne ya yi kuskure. Amma ka bar dabba tana ruɓewa da ranta don kada ka ce wa wani taimake ni. Sannan ka zauna a gabana da safen nan ka ɗora wa marar laifi. Cire alamar ƙungiya daga hularka."

"Baffa Metod, kujerar mahaifina..."

"Kada ka ƙara kiran sunansa a nan. Cire."

Yatsun Silvo suka kasa ɓalle ƙaramar alamar tagullar. Ba wanda ya taimaka masa. Da ya cire, Metod bai karɓa da hannu ba, ya nuna masa kan dutse ya ajiye. Aka buɗe masa hanya. Albin ya tofar da yawu a gefe lokacin da ya zo wucewa.

"Awa ɗaya, Silvo," ya ce. "Awa ɗaya da Bistra ta kai mu. Gidana kana ganinsa daga inda ka tsaya."

A taro na gaba aka kore shi daga ƙungiya, ba hannun da ya rage a ƙasa. Tunda ba shi da ƙungiya, ba shi da dajin farauta, bindigar Ignac ta koma cikin kabad. Da dusar ƙanƙara ta sauka aka zaɓi Albin shugaba. Pavla ba ta bar gidan ba, amma ranar da labarin ya iso ta, ta ɗauki gatari ta sare itacen brin ɗin nan daga tushe, Silvo yana kallo ta taga bai iya fitowa ba.

Mutanen ƙauye suka zauna jiran maganar kakanni ta cika. Idan ya yi tari a coci sai a kalli juna. Shekara ta zagayo, Silvo bai mutu ba. Ya ƙara shekara goma sha tara a duniya da ƙoshin lafiya, kuma mu da muka gani mun san wannan ya fi masa tsanani. In ya shiga mashaya hira takan mutu. In kaka ta zo mazan barewa suka fara ruri a kan tudu, yakan rufe tagogi. Ranar jana'izar Metod ya sa tsohuwar koriyar rigarsa ya zo ya tsaya a ƙarshen layin maharba. Wani matashi da ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da Silvo ya fara harbi ya taɓa masa kafaɗa ya ce, "Baffa, wurin jama'a yana can baya."

Da ajalinsa ya zo, Pavla ta taka har gidan wanta, ta ce masa mutumin bai roƙi komai ba a kwanakinsa na ƙarshe sai abu ɗaya, a busa masa ƙaho. Albin, wanda shi ma ya tsufa, ya ɗago ya dube ta.

"Zan zo, Pavla," ya ce. "Mijin ƙanwata ne, zan ɗauki akwatinsa ma. Amma da baƙar riga zan zo."

Haka aka yi. Aka binne Silvo Debeljak taku biyar daga kabarin mahaifinsa. Mutum goma sha ɗaya ne suka zo, ba koriyar riga ko ɗaya, ba a busa komai ba. Albin ya ɗebi ƙasa da hannu ya zuba kamar kowa, ya mayar da hularsa wadda ba reshe a jikinta, ya riƙe hannun ƙanwarsa suka fita.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Hassada ce ta kai Silvo bakin makiyayar Albin, amma girman kai ne ya hallaka shi. Kuskuren da ya yi da bindiga yana da gyara, kuma gyaran yana nan kusa, a gidan da yake hango hayaƙinsa. Abin da ya gagare shi shi ne ya ƙwanƙwasa ƙofar wanda ya raina ya ce na yi laifi, taimake ni. Don gudun kunyar safiya ɗaya ya bar dabba cikin azaba, ya yi wa ɗan'uwansa ƙazafi, ya rasa kujerar da ya yi rayuwarsa yana nema da jana'izar da ya yi buri. Duk wanda ya yi kuskure ya gaggauta faɗa tun ana iya gyarawa, ko da a gaban wanda ba ya so ne. Kuma kada mutum ya ɗauka zai iya ɓoye halinsa, domin abin da ya fi taƙama da shi, sau da yawa shi ne ke tona masa asiri.